Zafin Bazara da Batirin Jirgi Maras Matuƙi



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ya kamata a sanyaya batirin jirgi maras matuƙi, a yi masa caji, a kuma adana shi, a ƙasa mai zafi irin ta Gwandu da Kalgo. Za a ɗauki garin Malisa a matsayin misali, domin abin da ya dace da Malisa ya dace da yawancin garuruwan da ke tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi.

Jirgi maras matuƙi ya daina zama labarin nesa. A shekarar 2016 kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda da irin waɗannan jirage, ya shiga Gana a 2019, sa'an nan a 2022 ya fara aiki a Jihar Kaduna. A ƙasar Sin kuwa manoman shinkafa sun daɗe suna feshi da su. Tun da yake Jihar Kebbi ta yi suna wajen noman shinkafa, ba abin mamaki ba ne matasan fadamun Kalgo su sa ido ga wannan na'ura. To, duk wanda zai saye ta wajibi ne ya san cewa batiri yana cikin sassanta mafi tsada, kuma shi ne yakan riga sauran mutuwa.

Wannan batiri dangin na wayar hannu ne, watau na sinadarin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Saboda haka mutumin Malisa da ya taɓa ganin batirin waya ya kumbura har ya ɗage murfi, ya riga ya ga cutar da ake magana a kanta. Zafi yana gaggauta lalacewar sinadaran da ke ciki, su riƙa fitar da iska, jikin batiri ya kumbura, ƙarfinsa ya ragu. Masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa ƙarin digiri 10 na zafi yakan ninka saurin irin wannan lalacewa. In abin ya yi tsanani, batirin yakan shiga haifar da zafin kansa har ya kama wuta. Haka ta faru a 2013 da aka dakatar da tashin jiragen Boeing 787 na 'yan watanni, da kuma 2016 da Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa.

Ga inda gizo ke saƙa. Kamfanin DJI na ƙasar Sin, wanda ya fi kowa sayar da ƙananan jiragen, ya ƙayyade cewa a yi cajin yawancin baturansa tsakanin digiri 5 da 40 a ma'aunin Salshiyos, ya kuma ce 22 zuwa 28 ya fi dacewa. A ƙasar Gwandu kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin tsakar rana yakan haura digiri 40 ko da a inuwa. Watau ke nan a watan Afrilu iskar Malisa ita kanta ta wuce iyakar da maƙerin ya gindaya, tun ba a jona komai ba. Wannan kuwa shi ne lokacin noman rani, sa'ad da shinkafar fadama take bukatar kulawa.

Abu na farko shi ne sanyayawa. Batirin da ya sauko daga aiki da zafinsa yake saukowa, domin ɗaga jirgi da tankin magani yana zuƙe ƙarfinsa cikin mintoci kaɗan. Mutanen Gwandu masu dawaki ne, sun san ba a cire wa doki sirdi daga sukuwa a tura shi ga wani aiki sai ya huce. Haka batiri yake. A cire shi daga jikin jirgi, a ajiye shi a inuwa mai iska, bisa katako ko tabarma, kada a ɗora shi kan ƙarfe ko yashin da rana ta gasa. Sai hannu ya ji ya daina ɗumi kafin a kai shi ga caja. Akwai baturan da aka ƙera a rufe ruf domin a tsoma su cikin ruwa, amma wanda ba irinsu ba ne, ruwa kashe shi yake yi.

Abu na biyu shi ne caji. Caji kansa yana haifar da zafi, mai sauri kuma ya fi haifarwa. Don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne daga asuba zuwa hantsi, ko bayan dare ya yi sanyi. Kowane ɗaki na batirin yana da iyakar bolt ɗin da yake cika a kai, kuma wuce haka hatsari ne, shi ya sa ba a canza masa caja. Ba a barinsa a jone a tafi barci, ba a kuma yi masa caji kusa da jarkar fetur ta janareta. Mai batiri biyu kacal yakan matsu ya jona mai zafi don kada aiki ya tsaya, amma zafin nema ba ya kawo samu. Gara ya rage yawan kadadar da zai fesa a yini, ko ya ƙara batura su riƙa hutawa bi da bi.

Abu na uku shi ne adanawa. Batirin litiyam ba ya son zama a cike, ba ya kuma son zama fanko. In zai kwana da yawa ba aiki, a bar shi da kashi 40 zuwa 60 cikin 100, watau kimanin bolt 3.8 a kowane ɗaki. Dangane da wurin ajiya kuwa, magina na gargajiya sun riga sun ba da amsa: soron ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano sanyi da rana nesa ba kusa ba. Motar da aka rufe a rana ita ce mafi muni, gama cikinta yakan wuce digiri 60.

A nan wani zai tuna da dabarar tukunya cikin tukunya, wadda ta jawo wa Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa kyautar Rolex a shekarar 2000. Jiƙaƙƙen yashi ne ke sanyaya ta, kuma laimar da take raya tumatir tana cin ƙarafunan batiri. Abin da za a ara daga gare ta shi ne tukunyar kawai. A zuba busasshen yashi a gindinta, a sa batiri, a ajiye ta nesa da rumbu da jinka da danga. In wuta ta tashi, yumɓu da yashi ba sa ci. Batirin da ya kumbura kuwa ya gama aiki, kada a huda shi, kada a sake jona shi, a fitar da shi daga cikin gida.

A taƙaice, na'urar baƙuwa ce, amma zafin na gida ne, kuma mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin makamarsa. Manomin Malisa yana sammako gona, ya koma inuwa da azahar, ya sake fita da la'asar. Matashin da ya bi da batirinsa bisa wannan tsari zai ci moriyar kuɗinsa, ya kuma tsare gidansa da na maƙwabta daga gobarar bazara.