Gidan Malami da Ruwan Damina: Jawabi a Taron Reshe



A daren 9 wayewar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya afka wa Maiduguri mutane suna barci. Ya shiga Gwange, ya mamaye Kasuwar Monday, bai ƙyale fadar Shehu ba. Dubban ɗaruruwan jama'a suka bar gidajensu, aka mayar da makarantu sansanonin gudun hijira. Cikinsu akwai malamai irinmu. Hausawa suka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Dukkanmu mun san yadda malamin firamare yake gina gida. Bana a sayi fili da kuɗin adashi, baɗi a buga bulo ɗari biyu, shekara mai zuwa a ci bashin ƙungiyar taimakon kai da kai a sayi kwano. Sai an kusa ritaya ake tarewa. Wahalar shekara ashirin ke nan, amma ruwan dare ɗaya ya isa ya kwantar da ita. Hukumomin agaji, NEMA da takwarorinta na jihohi, kan kawo shinkafa da tabarmi da barguna, muna kuma godiya, sai dai ba su ne za su tayar mana da katanga ba. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Da wane albashi za a sake ginin?

Wannan ne ya sa muke so mu tattauna inshorar gida. Da yawa daga cikinmu muna ƙyamarta saboda tsoron riba da garari, kuma tsoron yana da tushe. To amma tun 2013 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke gudanar da shi a ƙarƙashin kulawar malaman shari'a. Kowa yakan zuba gudummawa a asusu guda da niyyar taimako. Wanda masifa ta faɗa wa a biya shi daga ciki, rarar da ta saura kuma a raba wa masu zubi. Wanda ya san adashi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sai dai kada mu sa hannu a takardar da ba mu karanta ba, mu da muke koya wa yara karatu. Inshorar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Sai an rubuta ruwa da iska a cikin yarjejeniyar ƙarara, an kuma biya ƙarin kuɗinsu. Haka nan, adadin da za mu rubuta shi ne abin da sake ginin zai ci a yau, ba abin da muka kashe shekara goma da suka wuce ba. A ce gida zai ci naira miliyan 10, mai shi ya rubuta miliyan 5 don zubi ya yi sauƙi. Idan ruwa ya yi ɓarnar miliyan 4, miliyan 2 kawai zai karɓa, domin rabin gidan ya yi wa inshora. Masu zaman haya su sani cewa inshorar mai gida ba ta shafi katifarsu da keken ɗinkin iyalinsu ba. Kayan ɗaki suna da tasu daban. Mu ɗauki hotunan gida da kaya tun ana zaman lafiya, mu adana rasit da takardar fili inda ruwa ba zai kai ba, mu kuma kai rahoto da wuri idan abu ya faru.

Akwai abin da inshora ba za ta yi mana ba. Kamfani na iya ƙin gidan ƙasa ko wanda aka gina a hanyar ruwa, ko ya tsawwala masa kuɗi. Yashe magudana da sauraron hasashen NiMet kafin damina suna wuyanmu.

Roƙonmu ga shugabannin reshe shi ne a kafa ƙaramin kwamiti, ya gayyaci kamfanoni biyu ko uku, ya tabbatar da lasisinsu a wurin NAICOM, ya nemi farashi da sunan reshe baki ɗaya, a riƙa cire zubin wata-wata ta hanyar ƙungiyar taimakon kai da kai ga duk wanda ya amince. Malami ɗaya ba shi da bakin ciniki, amma malamai ɗari suna da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kawo mana rahoto kafin ruwan farko ya sauka.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.