Wasan Yara a Cikin Gida: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani abu da mutane ke ɗauka ƙarami, wato wasan yara a cikin gida. Mu da muke tsayawa gaban allo kowace safiya mun san yana da girma. Muna ganin ɗan aji uku da ba zai iya tsayawa da ƙafa ɗaya har a ƙirga goma ba. Muna ganin wanda zai kewaya filin makaranta sau ɗaya ya dafe ƙirji yana haki, da wanda ƙarfe tara na safe za ta yi masa yana gyangyaɗi domin ya raba dare da wayar mahaifiyarsa.

Asalin abin shi ne dandali ya mutu a yawancin unguwanninmu. Filayen da muka yi wasa a cikinsu lokacin farin wata an yanka su fulotai, tituna sun cika da babura da A Daidaita Sahu, halin tsaro kuma ya sa uba ba ya yarda ɗansa ya leƙa waje bayan magariba. Ba mu ga laifin uban ba. Ga boko da safe, ga Islamiyya da yamma, duka a zaune. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, yara da yawa suka saba da zaman ɗaki, har yau kuma ba su warware ba. Idan aka haɗa da ƙurar hunturu, da zafin bazara, da ruwan damina, sai a ga watannin da yaro zai fita ya yi gudu ba su da yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 na motsa jiki a kullum, irin wanda zai sa numfashi ya ƙaru, zuciya ta buga da sauri. A ƙa'idojinta na 2019 kuwa ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 ya sami minti 180 na motsi iri-iri a yini, kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Ba dole ne a yi mintunan nan a tashi ɗaya ba. Goma bayan an dawo makaranta, goma sha biyar kafin magariba, haka suke taruwa.

To, da me za a cika su? Ba sai an sayi komai ba, domin iyayenmu sun bar mana gado. Mu ɗauki langa. Yaro zai kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar, yana ƙoƙarin sa abokin karawarsa ya saki ƙafa ko ya faɗi. Wanda ya taɓa yin ta ya san minti biyar sun isa su jiƙa riga da gumi. Tana ƙarfafa cinya da ƙwauri, tana koya wa jiki daidaito, kuma wasa ce da har yau ake fafatawa a kanta cikin wasannin gargajiya na ƙasa tare da dambe da kokawa. A gida sai a rage ta: zaure ko tsakar gida ya isa, yara biyu masu kusan girma ɗaya, a hana hankaɗa da ƙarfi, kuma a riƙa sauya ƙafa don kada ɗaya ta gaji ita kaɗai.

'Yar gala-gala ita ce muka fi so, saboda malami ba ya rasa hanyar cusa darasi. Gawayi ko guntun alli kawai ake bukata a zana gidaje a kan siminti. Idan aka rubuta 3, 6, 9, 12 a cikin gidajen, yarinya na tsalle tana faɗar lambar da ta taka, jadawalin sau uku zai zauna mata ba tare da bulala ba. Ga 'yan aji ɗaya a sa baƙaƙe da wasula. Tsallen igiya ma haka, igiyar shanya ta wadatar, a riƙa ƙirga da ƙarfi. Carafke da dara suna da amfaninsu wajen kaifin ido da tunani, amma a zaune ake yin su, don haka kada a lissafa su cikin mintuna sittin ɗin nan.

Akwai 'yan uwanmu da ke zaune a gidan haya, ɗaki ciki da falo, tsakar gidan kuma na kowa da kowa. Su ma ba su rasa hanya ba. A dunƙule tsofaffin safa a yi ƙwallo, a ajiye bokiti a bakin ƙofa, kowa ya jefa. Wanda ya kuskure ya yi tsallen kwaɗo sau biyar ya ɗauko. Wasan jini-da-jini ma yana shiga ɗaki idan aka gyara shi: a cire dukan da ake yi wa wanda ya yi kuskure, a ce in an ambaci abu mai jini kowa ya yi tsalle, in marar jini ne a tsuguna. Ko kaka tana iya jagorantar wannan daga kan tabarmarta.

Mun san abin da za a ce: hayaniya. Maigida ya dawo a gajiye, maƙwabta na ƙorafi. Maganinsa a yanka wa wasan lokaci sananne, kamar bayan la'asar, kowa ya san da shi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a saki maza su yi wasa a ce wa mata su zauna su natsu, wai ai wanke-wanke da shara sun ishe su. Aikin gida motsi ne, amma bai kai gaɗa da tsallen igiya ba, kuma ƙashin yarinya yana bukatar tsalle kamar na ɗan'uwanta.

Kafin a fara, uwa ta duba wurin. A nisanci murhu da tukunyar gas da ruwan zafi, a rufe rijiya, a goge tayil in ya jiƙe. Yaro mai asma a yayyafa ruwa a ƙasa kafin wasa don ƙura ta kwanta, maganin shaƙarsa kuma ya kasance kusa. Mai sikila ba a hana shi shiga, sai dai ya sha ruwa sosai, ya huta da zarar ya gaji, kada a yi masa gorin ragwantaka.

Roƙonmu ga reshe shi ne a yi magana da shugabannin makarantu a daina cinye lokacin darasin motsa jiki da kwafar rubutu ko sharar fili. Kowane malamin aji ya koya wa ɗalibansa wasa ɗaya a mako wanda za su iya yi a gida, sannan a taron iyaye da malamai na wannan zango a ware mana minti goma mu nuna wa iyaye yadda ake zana gidajen 'yar gala-gala da lambobi.