Shekara talatin ba mace ko ɗaya: labarin Camille Thurman

Yau Amurka za mu leƙa, wajen wata mai busa da waƙa da ake kira Camille Thurman.

An haife ta a 1986 a unguwar Queens ta birnin New York. Abin busarta saksofon ne, wannan lanƙwasasshen ƙarfen mai ruwan zinare; ku ɗauka ɗan'uwan algaita ne, sai dai ya fi ta kaurin murya. Kiɗanta kuma jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro.

Abin da ya fara ba ni mamaki, digirinta ba na kiɗa ba ne. Ilimin duwatsu da muhalli ta karanta a Jami'ar Binghamton. Ta gama, ta koma New York da abin busarta. Mu da muka ajiye kwalinmu muka kama wata sana'ar mun san irin kallon da ake yi wa mutum a gida.

To ga inda maganar take. A duniyar jaz, in mace ta hau dandali, sai a ɗauka mawaƙiya ce, a miƙa mata makirfo. Busa da ganga aikin maza ne, wai. Ita kuwa ta iya duka biyun. A 2013 har ta kai zagayen ƙarshe a gasar waƙa ta Sarah Vaughan, amma ba ta saki busar ba.

A 2018 ƙungiyar Jazz at Lincoln Center Orchestra, wadda Wynton Marsalis ke jagoranta, ta ɗauke ta. Kujera 15 ce a ƙungiyar. Ita ce mace ta farko da ta yi cikakken aiki da su, har da rangadin ƙasashe, cikin shekara 30. Talatin fa!

Kullum uzurin da ake bayarwa a irin wannan shi ne cancanta ake bi. Ni dai ban yarda ba. A ce birni kamar New York ya shekara 30 bai fitar da macen da ta iya busa ba? Haba. Kujera in ta samu, wanda aka sani ake kira, wanda aka sani kuma namiji ne. Ko a ƙungiyoyinmu na matasa, ku duba wa ake ba shugabanci, wa ake ba rubuta bayanin taro.

Wanda yake da data ya nemi kundinta na 2018, Waiting for the Sunrise. Ku saurari yadda take sauke waƙa ta ɗauki busa, kamar numfashi ɗaya ne.