Kwamfutar Ɗan Makarantar Fim: Kafin Ki Kwance Bakin Zani

 

Yau maganar kwamfuta na zo mana da ita. Na san wata za ta ce, ni da ko zaure ba na leƙawa ina ruwana da kwamfuta? To uwargida, ɗan dakata. Ranar da ɗanki ko 'yarki ta samu gurbin karatun fim, ko a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos ko a wata jami'a, bayan kuɗin makaranta abin da zai biyo baya shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof. Maigida ya biya na makaranta ya ce ya yi iya yinsa. Sauran a kan wa zai faɗo? A kan adashinki, da kuɗin ɗinkin hularki, wani lokaci har da ɗan kunnen da kika ɓoye a ƙasan akwati.

Wata maƙwabciyata tumaki biyu ta sayar, ta haɗa da kwasar adashi, ta ba ƙanenta ya sayo wa 'yarta. Ya dawo da wata siririya mai sheƙi, kowa ya gani sai ya yaba. Yarinya ta tafi makaranta. Aikin farko da aka ba su, fim na minti biyar, da ta ɗora hotunan sai kwamfuta ta sandare, fankar cikinta na ta kuka. Ta rubutu ce da kallo, ba ta haɗa fim ba. Haka yarinyar nan ta ƙare zango tana jiran ƙawaye su yi barci ta ari tasu. Mai shago kuwa ya ce abin da aka saya ba ya dawowa.

Saboda haka kafin a je kasuwa, a fara zuwa wurin malami. Ki sa yaron ya tambaya: da wace manhaja kuke koyar da editin, wato yanka hotuna da haɗa su da sauti? Amsar ita ce za ta zaɓa miki kwamfuta, ba mai shago ba.

Ga dalili. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda duk sauran ke zaune a ƙarƙashinta, kamar yadda kowane gida yake da tsarinsa, baƙon da ya zo dole ya bi. Manyan su ne Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple. Idan malami ya ce da Final Cut Pro ake koyarwa, magana ta ƙare, sai kwamfutar Apple, don ba ta zama a gidan Windows ko kaɗan. Idan ya ce Premiere Pro ko Avid Media Composer ko DaVinci Resolve, to waɗannan suna zama a gidajen biyu, kina da zaɓi. Premiere haya ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, ki sa wannan a lissafi. Ita DaVinci Resolve tana da ta kyauta wadda ta ishi ɗalibi har ya gama. Ni dai da za a tambaye ni, ita zan ce yaro ya riƙe, maimakon manhajar sata da ake zuba wa mutane a kasuwa, wadda kan zo da ƙwayar cuta ta lalata aikin watanni.

To wanne gida za a shiga? Ta Apple, tun daga 2020 da suka fara sa nasu injin mai suna M1, batirinta na daɗewa ƙwarai, kuma ko an ɗauke wuta ƙarfinta ba ya raguwa. Mu da muka san halin wutarmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tana da tsada, kayan gyaranta ma haka, kuma yadda kika saye ta haka za ta tsufa, ba a ƙara mata ƙarfi daga baya. Ta Windows kuwa akwai ta kowane aljihu, HP ce, Dell ce, Lenovo ce, masu gyara ga su nan ko'ina, kuma da yawansu ana iya buɗewa a ƙara musu kaya in kuɗi ya samu. Aibinta, masu ƙarfin cikinsu suna da nauyi, suna zafi, batiri ba ya kai ko'ina in ana editin. Uwar da kuɗinta ƙididdigagge ne, ina ganin Windows ta fi mata kwanciyar hankali.

Akwai ta uku, Linux, kyauta ce, amma Premiere da Final Cut ba sa aiki a kanta, a bar wa masu sha'awar kwance-kwance. In kuma aka kawo miki wadda aka rubuta wa Chromebook, komai arharta ki ce a mayar. Ta intanet da rubutu ce.

Yanzu mu leƙa ciki, nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Akwai abin da ake kira ram. Ki ɗauke shi kamar faifan da kike tsince shinkafa. In ƙarami ne, ko buhu goma gare ki a ɗaki, kaɗan-kaɗan za ki riƙa ɗiba, rana ta faɗi ba ki gama ba. Ta maƙwabciyar nan tawa gigabayit 4 ne da ita. Aikin fim yana son 16. Mai 8 za ta ja, amma da nishi, kuma kada a karɓe ta sai mai shago ya tabbatar ana iya ƙarawa. Sai ma'ajiya, wato rumbun da ake zuba aiki. Ki nace a kan irin da ake kira Es-Es-Di, kada ta gaza gigabayit 512. Tsohuwar ma'ajiya mai faifai da ke juyawa tana da nawa, kuma faɗuwa ɗaya na iya kashe ta. A nan 'yan kasuwa ke ruɗa mutane, su ce ai wannan gig dubu ce. Eh, rumbu ne babba, amma faifan fa? A tambayi lambobin biyu daban-daban. In kuɗi ya kai, a nemi mai katin hoto na musamman, irin na Nvidia, musamman in DaVinci za a yi, don ita a kansa take jingina.

Yawancinmu ta hannu za mu saya, wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka, kuma ba abin kunya ba ne. Amma a kula da shekaru. Kamfanin Microsoft ya rufe babin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin injuna. In an ga i5 ko i7 a jiki, a duba lambar da ke binta. In ta fara da 4, 5, 6 ko 7, tsohuwa ce, a wuce. A nemi mai farawa da 8 ko 9, ko 10 zuwa sama. Haka ta Apple mai injin Intel, ko da tambarin tuffa na sheƙi, kamfanin ya sanar a 2025 cewa sabbin manhajojinsa masu zuwa ba za su hau kanta ba. A nemi mai M1 ko abin da ya biyo bayanta. Kuma lallai a tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa, don akwai waɗanda ake kawowa a kulle da sunan wani, in ta rufe sai dai ki aza mata tukunya.

Kada ki ƙarar da kuɗin duka a kan kwamfutar. Awa ɗaya ta hoto mai kyau tana iya cin gigabayit 20 ko fiye, don haka sai an sayi ma'ajiyar waje, mai terabayit 1 ko 2, ya riƙa kwafe aikinsa wuri biyu. Ki ce a tsara masa ita a kan exFAT, don ta yi aiki a ta Apple da ta Windows duka, tunda aikin fim da abokai ake yinsa. Sai abin sawa a kunne don sauti, da jaka mai kauri. In ya dawo hutu kuma, ki hana shi aza ta a kan katifa ko filo, ƙofofin iskarta a ƙasa suke, ga ƙurar hunturu.

Tunda ba ke za ki je ba, ko Titin Beirut ne a Kano ko wata kasuwar, ki sa a rubuta duk wannan a takarda, ki ba ɗan aiken, kuma ɗalibin ya bi shi. Ya tafi da ɗan hoton bidiyo a waya, a ɗora a kan kwamfutar a gabansu, a zare caja a ga yadda batiri ke sauka cikin rabin awa. A danna kowane harafi, a gwada kowace kafa. A karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar, a rubuta kwana nawa aka yarda a dawo da ita in ta ba da matsala. In mai shago ya ƙi rubutawa, ki ce wa ɗan aikenki ya dawo miki da kuɗinki, gobe ma kasuwa na ci.