Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Gwaje-gwajen Asibiti





An ce in yi wa ɗalibai nasiha. To, malamanku sun shekara huɗu suna yi muku ita, ba ni da abin ƙarawa. Labarin wata mata na zo da shi, Farfesa Nancy Wexler ta ƙasar Amurka.

A 1968, tana ƴar shekara ashirin da ƴan kai, likitoci suka tabbatar mahaifiyarta na da cutar Huntington. Cuta ce mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Yawanci sai mutum ya kai talatin ko arba'in, ya yi aure ya haifu, sannan jiki ya fara fizga ba da sonsa ba, tafiya ta koma tangaɗi, magana ta sarƙe, tunani ya dushe. Mu nan mun san sikila, wadda sai uwa da uba sun haɗu wajen bayarwa. Ita wannan ɗaya daga cikinsu ya isa, kuma kowane ɗa rabi-da-rabi ne: ko ya gada ko ya tsira. Kawunnanta uku ita ta ɗauke su. Nancy ta san ita ma tana kan siraɗi.

Ilmin halayyar ɗan Adam ta karanta, ba ta taso a ɗakin gwaji ba. Amma ta ji labarin wasu ƙauyukan masunta a bakin tafkin Marakaibo, a Benezuwela, inda wani likitan ƙasar, Americo Negrette, ya lura tun shekarun 1950 cewa mutanen da ake yi wa kallon mashaya ciwo ne ke ɗawainiya da su. A 1979 ta je. Daga nan kusan kowace shekara sai ta koma, har fiye da shekara ashirin.

Me take yi a can? Zama da tsofaffi. Wane ne mahaifinka, wace ce kakarka, wa ya auri wa, wa ciwon ya kama, yana da shekara nawa? Irin tambayar da kakanninmu mata ke amsawa ba tare da duba takarda ba. Da haka ita da abokan aikinta suka zana salsalar mutum fiye da 18,000, suka karɓi jinin kimanin 4,000. Mutanen sun yi ɗari-ɗari da farko, kuma da gaskiyarsu: baƙuwa ta zo neman jini da ɗan yankin fata. Sai ta nuna musu tabon da ke jikinta inda aka yanki nata, ta ce ita ma a gidansu akwai ciwon. Ƙofa ta buɗe.

Jinin nan aka riƙa aikawa Boston, wajen wani masani, James Gusella. A 1983 aka gano cewa matsalar tana kan kuromosom na 4, tun masana na zaton aikin zai ci shekaru da dama. Sai da aka ƙara shekara goma, a 1993, aka kama ƙwayar gadon kanta. Abin mamaki, ƴar maimaitawa ce: haruffa uku na DNA, wato CAG, suna ta nanata kansu kamar in'ina. A jikin mafi yawanmu maimaitawar ba ta kai sau 27 ba. Wanda tasa ta kai sau 40, in rai ya yi tsawo, ciwon zai bayyana. Hanyar da aka bi a nan ita ta share fage aka farauto ƙwayoyin gadon wasu cututtukan da yawa.

Kada in yi muku daɗin baki. Har yau babu maganin warkewa. Gwaji ya samu, amma gwaji ne da ke gaya wa mai lafiya abin da ke jiransa, ba tare da an miƙa masa komai ba. Ita kanta Nancy, wadda aikinta ya haifar da shi, ba ta yi gwajin ba. A 2020 ta bayyana wa duniya cewa ciwon ya kama ta. Masuntan Marakaibo kuwa, da jininsu aka yi suna a mujallun duniya, talaucinsu na nan. Ta dai yi ƙoƙari an buɗe musu gidan jinya a 1999, amma a ganina duniyar kimiyya ba ta biya su bashinsu ba.

Ƴaƴana, gobe saurayi da budurwa za su zo gabanku gwajin jini na sikila kafin aure, an riga an kai kuɗi, an sa rana. Takardar da za ku miƙa musu haruffa biyu ne kacal a kanta. Kafin ku miƙa, ku ba su wurin zama.