Jawabin Sakatare Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yaranmu



Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kura da Bunkure ke noma rani da damina. Amma akwai gidajen da wannan albarka ba ta share wa hawaye ba: gidan da yaro ke fama da farfaɗiya har aka cire shi daga makaranta, da gidan da saurayi ya fara shan tiramadol don ya jure aikin shinkafa, yanzu ba ya barci. Uban da ke son likita ya duba ɗansa sai ya bar gona, ya ratsa birnin Kano zuwa Dawanau, sannan ya riƙa komawa. Da yawa zuwa ɗaya suke yi. Daga nan sai ɗaki da kwaɗo, ko mari.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, sai dai doka ba ta kai magani ƙauye. Magabata da waƙafi suka yi wannan aiki. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma waƙafi ne ya riƙe shi ɗaruruwan shekaru.

Shawararmu ita ce a raba nauyin. Zakka haƙƙin matalauci ce, da ita iyali za su sayi magani su biya kuɗin mota. Amma horar da ma'aikatan asibitocin karkara, da kawo ƙwararre sau ɗaya a wata, aiki ne mai buƙatar kuɗin da ba ya yankewa, kuma wannan sai waƙafi. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan tumatir da albasa. Muna ganin wannan sauƙi ya isa ya sa manominsu ya fi kowa saurin miƙa hannu.

Ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti, kuma daga bakin liman mutanenmu za su fi yarda da haka. Muna roƙon kowane kwamiti ya zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya masu riƙe sirri, waɗanda iyaye za su iya samu ba tare da unguwa ta ji ba. Wanda ke da niyyar waƙafin gona, ko fadin kwando ɗaya ne na amfaninta, ya ga ma'aji bayan an tashi.