Jawabi Ga Samarinmu 'Yan Okada Kan Lokacin Zafi

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, da 'ya'yanmu masu sana'ar babur.

Kowa ya san daga Fabrairu zuwa Maris, kafin ruwa ya kankama, zafin Ibadan ba wasa. Kuma ba irin na gida ba ne, nan zufa ba ta bushewa, sai mutum ya galabaita bai ankara ba.

To jama'a, baburan nan irin su Bajaj Boxer, iska ce ke sanyaya injinsu, ba ruwa ba. In kun maƙale a cunkoson Mokola ko Iwo Road, tsayuwa ta yi tsawo, ku kashe inji. Kada ku watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, ƙarfe na iya tsagewa. Baƙin mai kuwa zafi na tsinka shi, a duba kowace safiya, a juye da wuri. Mu masu sayar da kayan gyara mun sani, kuɗin mai bai kama ƙafar na fistin da ringi ba. Iskar taya a gwada da sassafe, suɗaɗɗiyar taya kuma a canza ta, don kwalta mai zafi ba ta raga mata.

Sannan ku kanku. Ku yawaita shan ruwa. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai, ya nemi inuwa kafin ya ɗauki fasinja. Hular kwano kada a cire don zafi.

Da yawanku babur ɗin na bashi ne, ga iyaye a Arewa suna jiran aike. In inji ya buga, biyan bashi ba ya tsayawa.

Allah Ya tsare mu, Ya ba mu halal. Wassalamu alaikum.